Ciwon gwiwa a gaɓar Kainji: Magani a gonar yaro

Akwai cututtukan da ke kashe mutum nan take, su ne muke kafa wa kwamiti, mu ware musu kuɗi, mu yi ta shela a kansu a gidajen rediyo. Akwai kuma waɗanda ba sa kisa, sai dai su zaunar da mutum yana raye, su raba shi da gonarsa da kasuwarsa da sahun masallacinsa. Irin waɗannan babu mai ƙirga su, domin ba a zaman makoki a kansu. A sahun gaba na wannan rukuni akwai ciwon gwiwa, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, wasu amosanin gaɓɓai. A kansa nake son mu tattauna yau, musamman yadda yake cin mutanenmu na masarautar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da kuma wani sabon bincike da ya nuna cewa sashen maganinsa yana cikin yadda mutum yake ajiye ƙafarsa a ƙasa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san girman matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan cuta a faɗin duniya, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa take kama su. Kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Ke nan idan muna maganar ciwon gwiwa, maganar iyayenmu mata muke yi tun kafin ta kowa.

Abin da ke faruwa a cikin gwiwar ba shi da wuyar fahimta. A bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Idan shekaru suka ja, ko nauyi ya yi yawa, ko an taɓa samun rauni a wurin, sai guringuntsin ya riƙa zaizayewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gaɓar ta riƙa kumbura tana sagewa. A kowane taku da mutum ya yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gwiwarsa tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Nauyin kuma ba ya rabuwa daidai: kusan kashi biyu cikin uku yana sauka ne a ɓangaren ciki, wato gefen da ke fuskantar ɗaya gwiwar. Shi ya sa a nan cutar ta fi kamawa, kuma shi ya sa za ka ga ƙafafun wasu dattawa suna lanƙwashewa kamar baka yayin da shekaru ke tafiya. Har zuwa yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Duk mai tallar magani a mota da lasifika da ya ce maka yana da shi, to, kuɗinka yake so.

Yanzu mu dubi rayuwar mutumin gaɓar Kainji. Tun da aka kammala gina madatsar ruwan a 1968, aka tashi mutum sama da 40,000 daga tsibirai da ƙauyukan bakin kogi aka sake musu matsuguni, rayuwar Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa da sauran al'ummar yankin ta koma bin hawa da saukar ruwan tafki. Idan ruwa ya fara janyewa da bazara, bakin ruwa yakan yi wa gari nisa, sai manomin albasa ya bi shi da shukarsa, masunci ya bi shi da jirginsa, mace ta bi shi da jarkarta. Tafiyar kuwa a cikin rairayi da taɓo ake yin ta, inda ƙafa ba ta samun matsaya. Manomi ya wuni a duƙe da gajeriyar fartanya ko a tsugune yana dashe. Masunci ya wuni a naɗe cikin kwalekwale, ya fito ya ja taru. Mace ta ɗora jarka mai lita 25 a kan gammo, wato kilo 25 na ruwa, ga goyo a baya. Idan muka bi lissafin ninki biyu zuwa uku da na ambata, jarkar nan kaɗai tana ƙara wa gwiwa abin da ya kai kilo 50 zuwa 75 a kowane taku. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya daɗe da tabbatar da cewa sana'o'in da ke haɗa tsugunno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi suna ƙara haɗarin kamuwa da wannan cuta. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Wara ko ta Yelwa ranar da take ci, ya lura da yadda dattawa ke saukowa daga jirgi suna dafa gwiwa, ba ya bukatar a kawo masa wata shaida.

To me muke yi wa mai ciwon? Abu uku ne aka saba. Na farko a ce masa tsufa ne, ya haƙura ya zauna. Na biyu a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho. Na uku, wanda ya fi kowanne haɗari, a aika yaro kyamis ya sayo haɗi, a ƙullo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda babu suna babu ƙa'ida. A cikin irin wannan haɗi akan samu diclofenac da ibuprofen da piroxicam a tare, alhali aikinsu iri ɗaya ne, kuma shan su na tsawon lokaci yana jawo gyambon ciki, yana tayar da hawan jini, yana lalata ƙoda. Wani lokaci a haɗa da dexamethasone, wadda ke sa mutum ya ji daɗin jikinsa na 'yan kwanaki, daga baya ta kumbura shi, ta tayar masa da sukari, ta rarake masa ƙashi. Wasu kuma daga nan suke zarcewa zuwa tiramadol. Rahoton da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan shekarar 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyi masu kashe zafin ciwo ba bisa umarnin likita ba. Mun saba ɗora laifin a kan matasa masu neman maye, amma mun manta da magidancin da ya fara sha domin gwiwarsa ta bar shi ya ƙarasa noman bana. Mutumin da ya shiga da ciwon gwiwa ya fita da ciwon ƙoda, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mataki na ƙarshe a asibiti shi ne tiyatar sauya gwiwa, a cire lalatacciyar gaɓa a sa ta ƙarfe da roba. Aiki ne mai kyau ga wanda cutarsa ta kai matuƙa, kuma ana yin sa a ƙasar nan, ciki har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sai dai kuɗinsa miliyoyin Naira ne, kuma mutumin Libata ko Shanga da zai sha tafiyar kusan kilomita 200 daga Yelwa kafin ma ya isa Birnin Kebbi, ina shi ina wannan lissafi? Tsakanin ƙullin haɗi na kyamis da ɗakin tiyata akwai wani fili mai faɗi da muka bari babu kowa, kuma a cikinsa ne mafi yawan marasa lafiyarmu suke.

A cikin wannan fili ne binciken da na ambata ya faɗo. A watan Agustan 2025 mujallar likitoci ta The Lancet Rheumatology ta buga sakamakon wani gwaji da masana daga jami'o'in Stanford da Utah da New York a Amurka suka gudanar, cikinsu har da Scott Uhlrich da Valentina Mazzoli. Sun ɗauki mutum 68 masu ciwon ɓangaren ciki na gwiwa wanda bai yi tsanani ba. Aka sa kowa ya yi tafiya a kan na'ura ana ɗaukar motsinsa da kyamarori, aka gwada yadda nauyin da ke sauka a gwiwarsa yake sauyawa idan ya karkatar da yatsun ƙafarsa ciki ko waje da digiri 5 ko 10. Rabinsu aka koya musu karkatar da ta fi rage musu nauyi. Sauran rabin aka yi musu horo iri ɗaya, amma aka bar su a kan takunsu na asali ba tare da sun sani ba. An yi zaman horo sau shida, mako-mako, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙwauri tana girgiza idan mutum ya kauce, sannan aka umarce su da su riƙa gwadawa a gida na aƙalla minti 20 kullum har abin ya zama jiki.

Bayan shekara guda, waɗanda aka sauya wa taku sun ce zafin ciwonsu ya ragu da maki biyu da rabi a ma'aunin maki 10, yayin da na ɗaya rukunin ya ragu da maki ɗaya da 'yan kai. Masu binciken sun ce wannan sauƙi ya yi daidai da abin da ake samu daga ƙwayoyi irin su ibuprofen. Abin da ya fi jan hankali shi ne hoton MRI ya nuna alamun cewa guringuntsinsu ya fi jinkirin lalacewa. An samu wannan ba tare da ƙwaya ko allura ko wuƙa ba.

A nan dole in ja kunnen mai karatu, domin na san halinmu. Kada wani ya karanta wannan ya tashi gobe ya fara tafiya yana murguɗa ƙafa. Sirrin gwajin shi ne an auna kowa an ba shi nasa. Wani karkatar da yatsu ciki ce ke rage masa nauyi, wani kuwa waje, kuma wanda ya ɗauki na wani yana iya ƙara wa gwiwarsa kaya maimakon ya rage. Akwai ma mutanen da aka auna aka ga babu karkatar da ke amfanarsu, aka cire su daga gwajin tun farko. Mutum 68 kuma ba su da yawa, dukkansu ciwonsu bai yi nisa ba, don haka sai an maimaita binciken a kan jama'a masu yawa kafin ya zama ƙa'idar asibiti. Wanda gwiwarsa ta riga ta ƙare, ƙashi na gogar ƙashi, gyaran taku ba zai maye masa gurbin tiyata ba.

Wani zai ce, to in haka ne mene ne amfanin kawo mana labarin ɗakin gwaji na Amurka, mu da ko injin hoton ƙashi sai mun yi tafiya? Amsata kashi biyu ce. Na farko, tsadar awon tana karyewa. Tun a 2023 wasu daga cikin masanan nan suka fitar da wata manhaja mai suna OpenCap, wadda ke auna motsin jikin mutum da kyamarar wayoyin hannu guda biyu kacal. Abin da a da sai da kayan aiki na maƙudan kuɗi, ya kama hanyar shiga aljihun ma'aikacin lafiya. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, darasin binciken ya wuce maganar digiri 5 ko 10. Ya ƙara tabbatar da cewa ciwon gwiwa magana ce ta nauyi da yadda ake ɗora shi, kuma akwai hanyoyin rage nauyin da aka daɗe da tabbatarwa, waɗanda ba sa bukatar kyamara ko ɗaya.

Ga misali, sanda. Kusan kowane dattijo a ƙasar Hausa yana da ita, amma da yawa suna riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai ciwo. Daidai shi ne a riƙe ta a ɗaya hannun, a ajiye ta a ƙasa lokaci guda da ƙafa mai ciwon, kuma tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu idan mutum ya miƙe ya saki hannuwansa. Wannan gyara kaɗai yana rage wa ɓangaren ciki na gwiwa kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyi. Haka nan rage faɗin taku, da sa takalmi marar tudu wanda ke riƙe ƙafa maimakon silifa da ke zamewa a taɓo, da raba kaya gida biyu ko tura su a kura maimakon ɗora su a kai. Wajen hawa tudu ko matakala, ƙafa mai lafiya ce ke yin gaba, wajen sauka kuwa mai ciwon.

Sai ƙarfafa tsokar cinya, wadda ita ce ke tallafe gwiwa. Mutum ya zauna a kan benci ya miƙe ƙafarsa sosai, ya riƙe na ɗan lokaci ya sauke, ya maimaita sau goma. Ko ya tashi tsaye daga kujera ya koma ya zauna a hankali ba tare da dafa komai ba. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2022, ta sa motsa jiki da rage ƙiba a matsayin ginshiƙin maganin wannan cuta, ƙwayoyi kuwa suka koma 'yan rakiya. Ga ma'aikata irinmu da muke wuni a kujerar ofis mu koma gida a mota, maganar ƙiba ta fi shafarmu: wani bincike na Stephen Messier a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, gwiwarsa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Batun a ce wa mai ciwo ya zauna ya huta kuwa, kuskure ne da muke yi da kyakkyawar niyya. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini; daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke tura ruwan ciki da waje. Gwiwar da aka daina amfani da ita sagewa take yi, tsokar cinya ta shanye, ciwo ya ƙaru. Wani bincike da Grace Lo ta jagoranta a Amurka a 2022, a kan mutum sama da 1,200 da suka kai shekara 50, ya gano cewa masu tattaki don motsa jiki sun fi waɗanda ba sa yi kuɓuta daga sabon ciwon gwiwa mai naci da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Ke nan ma'aikacin birni yana bukatar ƙarin tafiya, manomin gaɓa kuwa da ya riga ya wuni a kan ƙafafunsa yana bukatar rage kaya da gyara yadda yake yi. Ma'aunin kuma mai sauƙi ne: idan zafin da motsi ya tayar ya kwanta kafin washegari, a ci gaba, idan ya zarce, a sassauta. Amma gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan wata cutar ce daban, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma inda malamanmu za su taimaka. Na san dattawa da yawa na tilasta wa kansu durƙuso da zaman tahiya cikin azaba saboda kunyar a gan su a kan kujera a masallaci, alhali shari'a ta yi rangwame ga wanda ba ya iyawa ya yi salla a zaune. Kalma ɗaya daga liman a huɗubar Juma'a za ta sauke wa mutane da dama wannan nauyi.

Duk abubuwan da na lissafa ilmi ne, ilmi kuwa sai da mai koyarwa. A nan ne gwamnati ta shigo. Masu wannan aiki su ne likitocin gashin ƙashi, waɗanda jami'o'inmu irin su Jami'ar Bayero ta Kano ke yayewa, amma galibinsu a manyan asibitocin birane suke, wasu kuma sun tsallaka ƙasashen waje. Shawarata ga Gwamnatin Jihar Kebbi ita ce ta tabbatar da cewa manyan asibitocin Yelwa da Wara da na yankin Shanga kowanne yana da likitan gashi mazauni, a kuma ba shi abin hawa ya riƙa zagaya ƙananan asibitoci ranakun kasuwa, lokacin da mutanen tsibirai da tungaye ke fitowa. A horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su iya duba tafiyar mutum, su gyara masa sanda, su koya masa motsa cinya, su kuma tambaye shi irin ƙwayoyin da yake sha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma jihar tana da hukumar KECHEMA ta inshorar lafiya. Ya kamata gashin ƙashi ya zama abin da talaka zai iya samu a aikace ta waɗannan hanyoyi biyu.

Hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa, ita ma tana da rawar takawa. Rijiyar burtsatse a tsakiyar gari tana rage wa mace tafiyar kilomita da jarka a kai. Mashigin jirgi mai matakala da abin dafawa yana hana dattijo tsalle cikin taɓo. Waɗannan ayyuka ne da ake lissafa su a babin ruwan sha da sufuri, amma a haƙiƙa magungunan gwiwa ne. Jami'o'inmu na Sakkwato da Birnin Kebbi da Aliero kuma, me zai hana su ɗauki wayoyi biyu su je Zamare ko Birnin Yauri su auna takun mutanenmu, mu san yadda tafiya a rairayi da ɗaukar kaya a kai ke aiki a gwiwa, maimakon mu zauna jiran sakamakon da aka samo daga mutanen da ba su taɓa ɗaukar tulu ba?

Na san akwai masu cewa yankin da ke fama da matsalar tsaro da haɗarin jiragen ruwa da zazzaɓin cizon sauro ba shi da lokacin maganar gwiwa. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ina roƙonsu su yi lissafi. Magidanci ɗan shekara 55 da gwiwa ta zaunar, gonarsa ta albasa ta ragu, yaronsa ya bar makaranta ya karɓi fartanya, 'yarsa ta ɗauki talla, ɗan abin da aka samu ya tafi kyamis, ƙarshenta a sayar da gonar a kai shi wankin ƙoda. Talauci ta irin wannan ƙofa yake shiga gida, a hankali, babu mai jin motsinsa. Kuɗin da zai hana hakan kuwa bai kai na gyaran ofishi ɗaya ba.

Ku kuma 'yan uwana ma'aikata da kuke karanta wannan shafi a Birnin Kebbi ko Kaduna ko Abuja, mafi yawanmu muna da tsoho ko tsohuwa a gida da muke aika wa kuɗin magani duk ƙarshen wata, mu ga kamar mun sauke nauyi. Idan Allah Ya kai mu gida da salla, mu buɗe ledar nan mu ga abin da suke sha. Mu kalli yadda suke tafiya, mu dubi hannun da suke riƙe sanda da shi, mu saya musu kujera ta salla da ta banɗaki, mu kai su wurin likitan gashi ko da sau ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gwiwa ma tun tana da sauran guringuntsi ake ceto ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa shugabanninmu su ji su kuma aikata.